Sabis ya cika amma kira na tsinkewa: yadda za ka gano matsalar sigina mai biyo hanyoyi da yawa, ka gyara ta a gidanka

Ƙorafi ne da ba ya ƙarewa a tsakanin mutanenmu na Shari'a Mansur da Misfala a Makka, da na Karantina da Gulail a Jidda. Waya ta nuna sanduna huɗu cif, amma da an kira gida Kano ko Zinder ta bidiyo sai hoto ya daskare, murya ta riƙa gutsurewa, a yi ta "kina jina? kina jina?" har a haƙura. Mutum ya bar layin STC ya koma Mobily, ya bar Mobily ya koma Zain, abu yana nan yadda yake. Dalili shi ne sandunan nan ƙarfin sigina suke nunawa, ba tsabtarsa ba. Sigina yana iya zuwa da ƙarfinsa amma a dagule, kuma babban abin da ke dagula shi a garuruwa irin namu shi ne ba ta hanya ɗaya yake isowa wayarka ba.

Sai ka fahimci wannan kafin ka taɓa komai, in ba haka ba za ka kashe riyal a banza.

Abin da ke faruwa tsakanin ƙarfen sabis da wayarka

Ba safai waya ke "ganin" ƙarfen sabis kai tsaye ba. Siginar da ya fito daga eriyar kamfani yakan bugi bangon bene ya dawo, ya bugi dutse ya karkato, ya lanƙwaso ta gefen rufi, ya tarwatse a jikin motoci da tankunan ruwa da ƙarafan taga. Abin da ke shiga wayarka kwafi ne da yawa na saƙo guda, kowanne ya biyo hanyarsa, kowanne da tsawon tafiyarsa. Wanda ya taɓa tsayawa a kwarin da ke tsakanin duwatsun Makka lokacin kiran salla ya san abin: muryar ladani guda ce, amma tana iso ka daga lasifika kai tsaye, ta sake iso ka daga jikin dutse bayan ɗan lokaci, har kalmar baya ta hau kan ta gaba ka kasa rarrabewa. Ƙarar ba ta ragu ba, fahimta ce ta ragu.

Ɓarnar iri biyu ce, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Ta farko, kwafin suna iya kashe juna. Siginar rediyo hawa da sauka yake yi, tudu da kwari. In kwafi biyu suka iso tudu a kan tudu, sai su ƙarfafa juna. In tudun wannan ya faɗa a kwarin wancan, sai su share juna, a wayi gari kusan babu komai a wannan ɗan gurbin. Tazarar da ke tsakanin tudu da tudu ƙarama ce ƙwarai: a zangon megahaz 900 (wato inda sigina ke hawa da sauka sau miliyan 900 a daƙiƙa) kamar santimita 33 ce, a 1800 kamar 17, a 2600 ba ta kai 12 ba, a 3500 da 5G ke yawan amfani da shi kuwa ƙasa da santimita 9. Ramukan da sigina ke mutuwa a cikinsu sukan zo ne kusan kowane rabin wannan tazara. Ke nan a zangon 1800, faɗin yatsu biyu ko uku ya isa ya raba wuri mai kyau da wuri marar kyau. A cikin rami mai zurfi ƙarfin yana iya faɗuwa da desibel (ma'aunin ƙarfin sigina) 20 zuwa 30, wato ya ragu sau 100 zuwa sau 1000.

Ta biyu, kwafin da ya makara yana hawa kan saƙon da ke biye. Sigina yana cin mita 300 a cikin kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa, abin da ake kira maikrosakan. Kwafin da ya je ya bugi wani dogon bene ya dawo, ya ƙara mita 900 a tafiyarsa, ya makara da maikrosakan 3. A tsohon tsarin 2G kowane bit, wato ƙwayar bayani guda, maikrosakan 3.69 yake ɗauka. Ka ga wannan kwafin zai sauka ne kusan daidai kan bit na gaba, har waya tana iya karanta sifili a inda aka aiko ɗaya.

Ga lissafin da ya kamata ya zauna maka a kai, domin shi ne ke bayyana komai. A ɗauki hanyar aika bayani mafi sauƙi, wadda ba a sa mata dabarar gyaran kuskure ba, sigina kuma ya fi hayaniyar da ke kewaye da shi ƙarfi sau 10. In hanya ɗaya tak ya biyo, kuskure bai wuce kamar bit 4 cikin miliyan ba. In kuwa ta hanyoyi barkatai ya zo, babu ko ɗaya da ta rinjayi sauran, irin yanayin da masana ke jingina wa sunan Lord Rayleigh, to da wannan matsakaicin ƙarfin dai kuskure yana kaiwa kamar bit 2 cikin 100. Ƙarfi ɗaya, sanduna ɗaya, amma kuskure ya ninku sau dubbai. Me ya jawo? A irin wannan yanayi, kusan kashi 10 cikin 100 na lokaci sigina yana ƙasa da matsakaicinsa da desibel 10, kusan kashi 1 cikin 100 kuma yana ƙasa da desibel 20. A waɗannan 'yan lokuta ne kusan duk kurakuran ke taruwa, a dunƙule, ba a warwatse ba. Shi ya sa murya ke tafiya sumul sai kwatsam kalma biyu su ɓace.

In akwai hanya ɗaya mai ƙarfi da ta zo kai tsaye, sauran kwafin ba sa iya kashe ta gaba ɗaya, ramukan sai su zama marasa zurfi. Rabin aikin da za mu yi a ƙasa neman wannan hanyar ne.

Mataki na farko: tabbatar ba cunkoso ba ne

Kada ka ɗora wa duwatsu laifin da ba nasu ba. A goman ƙarshe na Ramadan da kwanakin Hajji, ko bayan isha'i a kowace unguwa mai jama'a, ƙarfen sabis ɗaya yana raba kansa ga mutane masu yawa. Gwajin mai sauƙi ne. Ajiye wayar ko rauta (akwatin da ke raba intanet a gida) a wuri guda, ka auna gudun intanet bayan asuba, ka sake aunawa da dare. In da asuba tana gudu da dare tana rarrafe, cunkoso ne, kuma matsar da rauta ba zai yi wani abin kirki ba. In kuwa ko da asuba haka take, amma tana canjawa da ka ɗan gusa, to ci gaba da karatu.

Mataki na biyu: bar kallon sanduna, buɗe lambobin gaskiya

A iPhone, kashe Wi-Fi ka danna *3001#12345#* ka buga kamar kira. A yawancin wayoyin Samsung *#0011# ne. A sauran wayoyin Android gwada *#*#4636#*#*, in ta ƙi sai ka sauke manhaja irin NetMonster ko Network Cell Info. In rauta mai layi kake da ita, shiga shafinta ta burauza. Na Huawei yawanci 192.168.8.1 ne, adireshin da kalmar sirri kuma suna rubuce a ƙasan akwatin.

Lambobi uku za ka nema. RSRP shi ne ƙarfi, kuma da alamar ragi yake zuwa: -80 ƙarfi ne sosai, -100 matsakaici, daga -110 zuwa ƙasa ya yi rauni. RSRQ yana nuna inganci haɗe da nauyin da ke kan ƙarfen: wajen -10 lafiya, -15 zuwa ƙasa akwai damuwa. SINR kuma shi ne sarkinsu, domin yana gaya maka yadda siginar da kake so ya fi hayaniya da kutsen wasu ƙarafan: sama da 20 madalla, 13 zuwa 20 yana da kyau, ƙasa da 5 za ka fara jin jiki, ƙasa da sifili kuwa sai haƙuri. Waɗannan iyakoki ba doka ba ce, abin da masu aikin suka saba aunawa da shi ne.

Yanzu ka zuba wa lambobin ido na minti ɗaya ba tare da ka motsa ba. RSRP mai rauni da SINR mai rauni yana nufin nisa ne ko kaurin bango. RSRP mai kyau da SINR mai rauni wanda ya tsaya cak yawanci kutse ne: kana tsakanin ƙarafa biyu ko uku masu ƙarfi ɗaya, abin da ke yawan samun mazauna hawa na sama a dogayen benaye, inda waya ke jiyo rabin gari. Amma in SINR yana tsalle, yanzu 14 anjima 6, musamman idan wani ya gifta ko an buɗe ƙofar ƙarfe ko babbar mota ta wuce a layi, to hanyoyi da yawa ne ke wasa da kai.

In kana son ganin kuskuren da idonka, buɗe kwamfuta ka aika ping, wato ɗan saƙon gwaji da ke zuwa ya dawo, sau 100 zuwa adireshin 8.8.8.8. Ba lalle ka ga saƙonni da yawa sun ɓace ba, domin 4G tana sake aiko duk abin da ya lalace, kuma kowane zagaye yana cin kamar milisakan 8, wato kashi 8 bisa dubu na daƙiƙa. Abin da za ka gani shi ne lokacin amsa yana hawa da sauka. Wannan rashin daidaiton shi ke kashe kiran bidiyo, ko da gwajin gudu ya ba da lamba mai daɗin gani.

Mataki na uku: gwajin taƙi

Nan ne aikin yake, kuma kyauta ne. Ɗauki rauta ka kai ta tagar da ta fi fuskantar sarari. Ajiye ta, janye hannunka da jikinka, domin jikin mutum ruwa ne mafi yawansa kuma yana shanye sigina. Jira daƙiƙa 20 zuwa 30 lambobin su zauna, ka rubuta RSRP da SINR a takarda. Matsar da ita faɗin tafin hannu, ka sake. Yi haka daga wannan gefen taga zuwa wancan. Sannan ka ɗaga ta sama da littafi biyu ko kwali ka sake bi. Daga nan ka tsaya a gurbin da ya fi kyau ka juya fuskarta kaɗan-kaɗan har ta zagayo. In ka samu wurin, yi masa alama da salatif, don yara da masu shara ba su san wahalar da ka sha ba.

Kada ka sa ran ganin bambancin desibel 30 da na ambata a sama. Wancan na siririn zango guda ne. Tashar 4G mai faɗin megahaz 20 an yanka ta zuwa ƙananan layuka 1200, kowanne kilohaz 15, kuma ramukan ba sa faɗa wa dukansu lokaci ɗaya. Wasu na cikin rami wasu na kan tudu, lambar da kake gani matsakaicinsu ce. Abin da za ka samu ƙila desibel 3 ne zuwa 6. Kada ka raina shi. Ƙarfen sabis yana tambayar wayarka a kai a kai yadda take ji, ya zaɓi yawan bit ɗin da zai cusa a kowace alama, wato kowane ɗan guntun sigina da yake aikowa: 2, ko 4, ko 6, ko 8. Yana ƙoƙari ne ya riƙe kuskuren aikawar farko a wajen kashi 10 cikin 100, sauran a gyara ta hanyar maimaitawa. Da SINR ya faɗi sai ya koma 2, da ya tashi sai ya haura. Ƙarin desibel 6 yana iya ɗaga ka daga wannan mataki zuwa na gaba. Ke nan a wayar zamani kuskure ba ya fitowa a matsayin kuskure, rage gudu yake zama.

Abubuwan da za ka nisanta da rauta a gidajen nan sanannu ne: na'urar sanyaya ɗaki irin ta taga, wadda akwatin ƙarfe ce guda, firiji, bayan talabijin, madubi babba, tagar da aka yi wa ragar ƙarfe mai ƙananan idanu. Gilashin sabbin benaye da otal-otal mai hana zafi shiga yana da siririn shafe na ƙarfe, kuma yana tare sigina fiye da yadda ake zato, har wani lokaci buɗe taga kaɗan ya fi duk wata dabara. A ganina babban kuskuren da ake yi shi ne ajiye rauta a tsakiyar gida don Wi-Fi ya kai ko'ina. Wurin da ya dace da Wi-Fi daban, wurin da ya dace da siginar waje daban. Bar rauta a taga, ka ja waya zuwa wata na'urar Wi-Fi a tsakar gida.

Mataki na huɗu: eriyar waje, in taga ba ta wadatar ba

Duba bayan rautar ko tana da ramukan ɗaura eriya. In biyu ne, to ka cika duka biyun. Dalilin yana da ban sha'awa: 4G da 5G sun mai da wannan matsala riba. Da dabarar da ake kira MIMO, ƙarfen sabis yana aiko saƙo biyu ko huɗu daban-daban a zango ɗaya lokaci ɗaya, waya kuma tana iya rarrabe su ne saboda hanyoyin da suka biyo sun bambanta. Ko ba wannan, da wuya eriya biyu su faɗa ramin da sigina ke mutuwa lokaci guda. In damar faɗawar ɗaya kashi 10 cikin 100 ce, kuma ba su dogara da juna ba, damar faɗawar duka biyun kashi 1 ne kacal. Wanda ya ɗaura eriya ɗaya ya bar ɗaya wurin ɗaurawar a buɗe ya tauye wa kansa wannan ribar. Eriyar da ake sayarwa mai faifai guda da waya biyu, a cikinta akwai eriya biyu a gicciye, ɗaya ta karkata digiri 45 dama ɗaya hagu. Ita ce mafi sauƙin ɗaurawa.

Eriya mai fuskantar gefe guda tana da amfani biyu: tana ƙara ƙarfin abin da ke gabanta, tana kuma toshe kunne daga kwafin da ke zuwa ta baya da ta gefe. Amma a Makka kada ka nace sai ta kalli inda ƙarfen yake. In dutse ko bene ya shiga tsakani, hanya mafi tsabta tana iya zama wadda ta bugo jikin wani gini ta dawo. Juya ta a hankali, wani yana ƙasa yana karanto maka SINR, ka tsaya inda lambar ta fi girma kuma ta fi zama lafiya, ko da eriyar bango take kallo. A kan rufi ka nisanta ta da tankin ruwa da faifan dish. Wayar eriya kuma ta zama gajera mai kauri. Siririya mai mita 15 tana iya cinye duk ribar da eriyar ta samo, musamman a manyan zanguna. Ka nemi izinin mai gida ko mai gadin bene kafin ka hau.

Akwatin ƙara sabis da ake tallatawa a ɓoye kuwa, ka rabu da shi. Ba ya tsabtace komai: abin da ya ji, mai kyau da dagulalle, shi yake ƙara wa ƙara, ya kuma ƙaro nasa jinkirin, wato ka sayo ƙarin kwafi da kuɗinka. In bai saitu ba yana damun maƙwabta da ƙarfen kamfanin kansa, kuma hukumar sadarwa ta Saudiyya ta hana amfani da irin waɗanda ba su da lasisi. Baƙo a ƙasar mutane ba ya buƙatar wannan rigimar.

Mataki na biyar: gwada wani zangon

A shafin lambobin za ka ga an rubuta B3, ko B1, ko B20, B28, B40, ko n78. B28 megahaz 700 ne, B20 800, B3 1800, B1 2100, B40 2300, n78 kuma wajen 3500. Ƙananan zanguna sun fi ratsa bango da lanƙwasa kwana, manya sun fi faɗi da gudu amma bango na cin su. Tunda tsawon tudu da kwarinsu ya bambanta, ramin wannan ba shi ne ramin wancan ba. Wasu rautoci suna barin ka zaɓi zango da kanka. Gwada su ɗaya bayan ɗaya a gurbin da ka yi wa alama. A waya kuwa abin da ke hannunka shi ne zaɓi tsakanin 5G da 4G. In 5G ɗin da ke shigowa ɗakinka na gefen iyaka ne, wayar na ta tsalle tsakanin biyun, kulle ta a 4G ya fi maka kwanciyar hankali a lokacin kira.

Game da kwafin da ke makara, a 4G ba abin da zai dame ka sosai ba ne. An tsawaita kowace alama zuwa maikrosakan 66.7, aka kuma sa mata ɗan share fage na kamar 4.7 a gaba. Duk kwafin da ƙarin tafiyarsa bai wuce kamar kilomita 1.4 ba, a cikin wannan share fagen yake faɗawa, ba ya taɓa alama ta gaba. A 5G na zangon 3500 an saba raba waɗannan lambobi gida biyu, share fagen ya koma kamar 2.3, wato mita 700. Sai a fili mai duwatsu masu nisa ne kwafi ke iya zarce wannan iyaka, kuma can ma eriya mai fuskantar gefe guda ce maganin da ke hannunka.

In kana cikin tafiya

Wanda ke zaune yana cikin rami ɗaya ko tudu ɗaya. Wanda ke cikin mota ratsa su yake yi. A gudun kilomita 100 cikin awa, a zangon 1800, mota tana cin tsawon tudu zuwa tudu kamar sau 167 a daƙiƙa. A jirgin ƙasan Haramain da aka buɗe a 2018, mai gudun kilomita 300 tsakanin Makka da Madina, lambar ta kai 500. Kafin waya ta gama gaya wa ƙarfe yadda hanya take, hanyar ta canja, sai kuskure ya ƙaru, ga kuma sauya ƙarfe a kai a kai. Ba ka da iko da wannan, sai 'yan abubuwa: zauna kusa da taga, sa abin ji a kunne ka ɗora wayar a sarari maimakon ka dunƙule ta a tafin hannu, kashe bidiyo ka bar murya kawai domin ba ta buƙatar bit da yawa. Direbobinmu masu jigila tsakanin Jidda da Makka su ɗaura wayar a maƙalin gilashin gaba, ba a aljihun ƙofa ba, inda ƙarfe ya kewaye ta. Tura kuɗi ko cike wata takarda mai muhimmanci kuwa a bari sai an tsaya.

In duk ka yi wannan abu bai gyaru ba

Yanzu kana da abin da yawancin masu ƙorafi ba su da shi: takarda mai lambobi. Kira kamfaninka, 900 ga STC, 1100 ga Mobily, 959 ga Zain, ka ba su unguwa da hawan da kake, zangon da wayar ke kamawa, lambar ƙarfen in ta fito a shafin, da RSRP da SINR na asuba da na dare, a cikin ɗaki da kuma kan rufi. Ka karɓi lambar ƙorafin ka adana, domin da ita za ka ɗaukaka maganar zuwa hukumar sadarwa in ba su yi komai ba. Injiniyoyinsu suna iya sunkuyar da eriyar ƙarfen ko su juya ta, abin da kai ba za ka iya ba daga taga. In kuma layin faiba ya iso benenku, kuma zamanka a gidan mai tsawo ne, ka lissafa kuɗinsa ka gwada da na eriya da wayoyinta kafin ka sayi komai.